Littafin Matuƙin Jirgin Sama: Tsakanin Biro da Manhaja, Wa Zai Riƙe Amana?

A shekarar 1959 Ma'aikatar Sojan Sama ta Birtaniya ta leƙa ɗakunan ajiyarta ta tarar da wani kaya da ya zame mata alaƙaƙai. Littattafan tashi ne na matuƙa da sauran ma'aikatan jiragen yaƙi, da yawansu na samarin da suka fita aiki a Yaƙin Duniya na Biyu ba su dawo ba. Kantocin da ke ɗauke da su, in an jera, tsawonsu ya kai ƙafa 6,400, kusan kilomita 2 ke nan. Aka yi shela cewa mai littafi ko magajinsa ya zo ya karɓa. Wasu suka zo. Sauran kuwa, ban da ɗan abin da aka tsame saboda tarihi, aka lalata su a 1960. Babu gobara, babu ambaliya. Wuri ne ya yi ƙaranci, aka yanke hukunci a ofis. Waɗanda suka tsira galibi su ne waɗanda suka kwana a akwatunan iyaye da matan aure, kuma su ne yau Jami'ar Lincoln da ke Ingila take bi gida-gida tana ɗaukar hotonsu shafi-shafi don rumbun tarihin matuƙan jiragen bama-bamai.

Wannan labari yana da amfani ga duk wanda ya shiga gardamar da ake yi yanzu a makarantun koyon tuƙin jirgi da ɗakunan hutun matuƙa: shin a ci gaba da rubuta sa'o'i da biro a littafi, ko a koma manhaja gaba ɗaya? Masu kare takarda sukan yi magana kamar takarda ba ta mutuwa. Masu kare manhaja kuma sukan yi magana kamar kamfani ba ya mutuwa.

Abin da ke cikin littafin

Matuƙa suna kiransa logbuk. Kowane tashi layi ɗaya ne a cikinsa: kwanan wata, samfurin jirgi, lambar rajistarsa (jiragen Nijeriya suna farawa da 5N, na Nijar 5U, na Ghana 9G, na Amurka N), inda aka tashi, inda aka sauka, tsawon lokaci. Daga nan sai a rarraba lokacin gida-gida: nawa aka yi da dare, nawa aka yi cikin gajimare ana bin na'urori kaɗai, nawa mutum ya yi yana shugaban jirgi, nawa yana mataimaki, nawa yana ɗalibi tare da malami, sauka nawa ya yi. A ƙasan kowane shafi sai a haɗa jimla, a ɗora kan jimlar shafin baya, a sa hannu cewa abin da aka rubuta gaskiya ne.

Waɗannan lambobi su ne jarin matuƙi. A Amurka ba a zama jarrabawar lasisin tuƙa ƙaramin jirgi na kai sai an cika sa'o'i 40, a Turai 45. Lasisin tuƙi don neman kuɗi yana bukatar sa'o'i 200 a ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, yayin da hanyar da aka fi bi a Amurka take neman 250. Babban lasisin da ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi kuwa sa'o'i 1,500 ne. Bayan haka akwai lissafin yau da kullum: kafin matuƙi ya ɗauki fasinja dole ya nuna ya tashi sau 3 ya sauka sau 3 cikin kwana 90 da suka wuce. Kamfanin inshora ma yana tambayar sa'o'i nawa aka yi a wannan samfurin jirgi kafin ya yanka kuɗi. Littafin yana kama da takardar gona: shekara da shekaru tana ƙasan akwati, ba a tuna ta sai ranar da wani ya ce a nuna shaida.

Darajar sa'o'in ta ƙaru sosai a Amurka bayan haɗarin jirgin Colgan Air mai lamba 3407, wanda ya faɗi kusa da Buffalo a jihar New York ranar 12 ga Fabrairun 2009, mutum 50 suka rasu. Majalisar Amurka ta yi doka a 2010, kuma daga 2013 aka wajabta wa mataimakin matuƙi a jiragen fasinja ya riƙi babban lasisin nan, wanda a yawancin lokuta yana nufin sa'o'i 1,500. Abin lura shi ne matuƙan jirgin da ya faɗi dukansu biyu sun haura wannan adadi. Wani abin da ya tayar da hankalin masu bincike shi ne kyaftin ɗin ya faɗi gwaje-gwaje a baya waɗanda kamfanin bai san da dukansu ba. Daga nan ne aka samo tushen rumbun bayanan matuƙa na hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, wanda aka fitar da dokarsa a 2021, inda kamfanoni ke shigar da sakamakon horo da gwaji da dalilin barin aiki. Sai dai wannan rumbu bai ɗauke wa kowa rubuta sa'o'insa ba. Lissafin tashi ɗaya bayan ɗaya yana nan a wuyan mai shi.

Inda manhaja ta yi zarra

A fagen lissafi babu gasa. Duk wanda ya taɓa haɗa sa'o'i da mintoci a shafi mai ginshiƙai 12 ko fiye ya san yadda kuskure yake shiga: minti 60 ne sa'a, ba 100 ba, kuma kuskuren da aka yi a shafi na 14 zai bi jimla har littafi na uku ba tare da an gani ba. Amurkawa sun rage wahalar da rubuta lokaci da ɗigo, 1.3 ko 2.7, Turawa kuma sun tsaya kan sa'a da minti, don haka wanda ya yi karatu a ɗaya ya je aiki a ɗayan sai ya yi ta juya lissafi.

Manhajoji irin su ForeFlight da LogTen da Garmin Pilot da MyFlightbook, wadda kyauta ce, sun kawar da wannan. Fom ɗin neman aiki zai tambayi sa'o'in dare a jirgi mai inji 2 cikin wata 12 da suka wuce. Da littafin takarda wannan aikin yini ne da kalkuleta, da manhaja kuwa ƙiftawar ido ne. Tana lissafa lokacin dare da kanta daga faɗuwar rana a kan hanyar da aka bi. Tana gargaɗi kafin kwana 90 su cika. Matuƙin kamfani da ke tashi sau 4 a yini yana iya janyo jadawalin aikinsa kai tsaye, ba sai ya zauna a otal da dare yana kwafe lambobi daga 'yar takarda ba. Ga wanda ke yin sa'o'i 700 ko 800 a shekara, cewa ya tsaya kan biro kaɗai taurin kai ne kawai.

Hukumomi ma ba su hana ba. Dokar Amurka ta faɗi abin da za a rubuta, ba ta ce lallai a kan takarda ba, kuma FAA tana da takardar jagora kan sa hannu da adana bayanai ta hanyar na'ura. Dokar Turai ta ce matuƙi ya riƙe sahihin tarihin duk tashin da ya yi a tsarin da hukumar ƙasarsa ta amince da shi. Indiya ta wuce nan, ta buɗe littafin tashi na intanet a dandalin hukumarta, bayan abin kunyar 2011 lokacin da aka kama matuƙa da takardun jarrabawa na jabu da sa'o'in da wasu makarantu suka cika musu da biro ba tare da jirgi ya ɗaga ba.

Batun ƙarya yana da fuska biyu. Ana ganin kamar manhaja ta fi sauƙin cuta, tun da ana iya sauya lamba ba tare da an bar tabo ba. Amma takarda ma ba ta taɓa hana maƙaryaci ba. Abin da take yi shi ne ta bar alama. Gogaggen mai tantancewa yana kallon tawada. Littafin shekara 5 da aka rubuta da biro ɗaya, da hannu ɗaya da bai taɓa gajiya ba, babu ɗigon shayi, babu layin da aka soke, shi ne abin zargi. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi cewa in ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ya rubuta daidai, ya sa hannu a gefe, kada ya shafa farin ruwan goge rubutu. Manhajoji masu kyau sun kwaikwayi wannan: da zarar malami ya sa hannu a layi, in aka taɓa shi sa hannun ya lalace.

Sa hannun da ba ya dawowa

Akwai abin da ke cikin logbuk wanda ya fi lambobi tsada. A shafukan baya malamai suke rubuta izini: wane ya isa ya tashi shi kaɗai, ya isa ya yi doguwar tafiya shi kaɗai, ya isa ya zauna jarrabawa. A tsarin Amurka wasu izinin sau ɗaya ake bayar da su a rayuwa, kamar na tuƙa jirgi mai ƙafa a wutsiya, ko mai injin da ya haura ƙarfin doki 200. Ba a rubuta su a jikin lasisi, kuma hukuma ba ta ajiye kwafinsu. Suna cikin littafin ne kawai. In littafin ya ɓata, malamin kuma ya rasu ko an rasa inda yake, sai dai a sake biyan kuɗi a sake horo.

Sa'o'i kuwa ana iya farfaɗo da su, da wahala. FAA tana karɓar rubutacciyar rantsuwar matuƙi tare da abin da zai goya mata baya: rasiɗan hayar jirgi, bayanan kamfani, littattafan jiragen da aka tuƙa, da kwafin fom ɗin neman lasisi mai lamba 8710-1 da ke ajiye a ofishinta na Oklahoma City, inda mutum ya rubuta jimlar sa'o'insa a ranar da ya cika shi. Fom ɗin gwajin lafiya ma yana ɗauke da jimla. Saboda haka tsofaffin malamai suke nacewa ɗalibi ya cika kowane gida a fom ɗin nan, har waɗanda ba a wajabta ba. Amma jimla ce kawai za ta dawo. Wane jirgi, wace rana, da wa, duk sun tafi.

Kada kuma mutum ya dogara da kamfanin da yake wa aiki. Pan Am ya rufe a 1991, Air Afrique, wanda Nijar tana cikin ƙasashen da suka mallake shi, ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya bi baya a 2003. Takardun Pan Am sun yi sa'a, Jami'ar Miami ta karɓe su. Ba kowane kamfani ke samun wannan gata ba, kuma ranar da aka sa kwaɗo a ƙofa, abin da matuƙi zai nuna wa sabon ubangida shi ne littafin da ke cikin jakarsa.

Shekara 10, shekara 50

Doka ba ta damu da dogon zango ba. A Birtaniya ikon hukuma na neman ganin littafi yana tsayawa ne shekara 2 bayan rubutun ƙarshe. A Amurka ba a ma wajabta rubuta kowane tashi ba, sai wanda za a kafa hujja da shi wajen neman lasisi ko nuna cewa hannu bai yi tsatsa ba. Amma aikin matuƙi yana iya kai shekara 40, daga makaranta zuwa ritaya a shekara 65. Tambayar ita ce me zai kai can lafiya.

Takarda tana da tarihi mai kyau a nan. Ɗan littafin da Orville Wright, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji, ya rubuta a cikinsa abin da ya faru ranar 17 ga Disambar 1903, tashi 4, na farko daƙiƙa 12, mafi tsawo daƙiƙa 59, yana nan a Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, kuma ido kaɗai ake bukata a karanta shi. Littattafan Kyaftin Eric Brown na sojan ruwan Birtaniya, wanda ya tuƙa samfurin jirgi 487 ya kuma sauka a kan jirgin ruwa mai ɗaukar jirage sau 2,407, gidan tarihin sojan ruwa ne ya saye su tare da lambobin yabonsa bayan rasuwarsa a 2016. Raunin takarda guda ne, amma babba: kwafi ɗaya ce. Ranar 12 ga Yulin 1973 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar takardun sojojin Amurka da ke St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 da 18. Ba a taɓa yin kwafinsu ba. Har yau ana ƙoƙarin haɗa tarihin wasu tsofaffin sojoji daga takardun albashi da na asibiti. In gwamnatin Amurka ta tafka wannan asara, ina ga littafin da aka bari a but ɗin mota?

Na'ura kuma akasin haka take: kwafi ba ya mata wuya, daɗewa ce matsalarta. A 1986 BBC ta yi gagarumin aiki don cika shekara 900 da kundin Domesday, wanda aka rubuta a kan fata a 1086. Kimanin mutum miliyan 1, yawancinsu 'yan makaranta, suka ba da gudummawar rubutu da hotuna, aka zuba a manyan faya-fayen leza guda 2. Kafin 2002 na'urorin da ke karanta su sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka sha fama kafin a ceto abin da ke ciki. Kundin fatar kuwa yana ajiye a Kew da ke Landan ana karanta shi. Matuƙan da suka fara adana sa'o'insu a faifan fulofi ko a na'urar Palm a shekarun 1990 sun ɗanɗani irin wannan: fayil yana nan, amma babu abin buɗe shi.

Yau matsalar ta sauya kama. Bayanan ba su cikin aljihu, suna kan sabar wani kamfani, kuma ana biyan kuɗin haya wata-wata ko shekara-shekara. A Yulin 2020 masu kutse don neman kuɗin fansa suka afka wa Garmin, ayyukansa na intanet, har da na matuƙa, suka tsaya na kwanaki kafin su dawo. Kamfanoni kuma suna sauya hannu. An kafa ForeFlight a 2007, Boeing ya saye shi a 2019, a 2025 kuma aka sanar da sayar da shi tare da Jeppesen, wani kamfanin na Boeing, ga kamfanin zuba jari na Thoma Bravo a cinikin dala biliyan 10.55. Babu laifi a cikin wannan, kasuwanci ne. Amma ɗalibin da ya fara rubuta sa'o'insa yau zai yi ritaya ne bayan kusan shekara 40, kuma babu mai iya rantsuwa cewa wata manhaja da muka sani yau za ta kai lokacin da sunanta, da farashinta, da tsarin fayil ɗinta. Ko asusun imel ba shi da tabbas: tun Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Iyalin da suka gaji littafin takarda suna buɗewa ne kawai. Waɗanda suka gaji manhaja sai sun nemo kalmar sirri.

A ganina amsar ba ta da wani asiri, nacin yin ta ne wuya. A yi lissafi da manhaja, amma kada a zaɓi wadda ba ta barin mutum ya fitar da dukan bayanansa a fayil na CSV, wanda rubutu ne zalla da kowace kwamfuta ke buɗewa, da kuma PDF, musamman nau'in PDF/A da aka tsara tun 2005 don dogon ajiya. A riƙa fitarwa a kai a kai, a ajiye kwafi 3 a wurare daban-daban, ɗaya a wajen gidan. Duk shekara a buga shafukan a takarda mai kyau, a sa hannu, a ɗinke. Dama kamfanoni da yawa bugagge suke so a kawo ranar ganawar neman aiki. Tsohon littafin biro kuwa ba a yar da shi ko da an kwafe shi tsaf cikin manhaja, domin sa hannun malamai na asali yana cikinsa. A ɗauki hoton kowane shafi, har bango da shafukan izini. Kuma a riƙa gwada buɗe kwafin ajiyar lokaci-lokaci, don da yawa sai ranar bukata suke gano cewa fulash ɗin ya daɗe da mutuwa.

Ɗalibanmu da ke tsallakawa

Wannan magana ta shafi 'ya'yanmu kai tsaye. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya tana horar da matuƙa tun bayan kafa ta a 1964, kuma gwamnatocin jihohi da iyaye masu hali suna tura wasu Afirka ta Kudu da Amurka da sauran wurare. Wanda ya dawo da lasisin waje sai ya bi ta hukumar jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, kafin ya tuƙa jirgi mai rajistar 5N, kuma logbuk yana cikin abubuwan da za a zauna a duba. Jami'in da ke tantancewa a wata ƙasa yana iya neman hatimin makaranta da sa hannu na tawada, ko da hukumar ƙasar da aka yi karatun ta gamsu da na na'ura. Ga kuma yanayinmu. Gara ba ta san darajar sa'o'i ba, laimar damina tana manne shafuka, waɗanda suka ga ambaliyar Maiduguri a Satumbar 2024 kuma sun san abin da ruwa ke yi wa takardun gida cikin dare ɗaya. A ɗaya ɓangaren, kuɗin manhaja da dala ake biya, kuma matashin da ya dawo ya shekara 2 yana neman aiki shi ne farkon wanda zai kasa sabuntawa.

Saboda haka aikin adanawa yana farawa ne kafin a bar makaranta. Ɗalibi ya sa a haɗa masa jimla a hatimce, ya karɓi kwafin fayil ɗin horonsa, ya tabbatar kowane izini yana ɗauke da sunan malami da lambar lasisinsa a rubuce yadda za a iya karantawa, ya ɗauki hoton duka kafin ya hau jirgin dawowa. Lokacin da zai iya gyara kuskure gajere ne. A dokar Amurka malami shekara 3 kawai aka wajabta masa ya riƙe tarihin izinin da ya bayar, makaranta mai rajista kuma shekara 1 bayan ɗalibi ya gama ko ya bari.